Labulen da Aka Hana Ɗagawa: Rigimar Mota da Lasifika Tsakanin Taubasai Biyu a Katsina

Littafin adashin majalisarmu a hannuna yake, shi ya sa rigimar nan ta bi ta kaina tun daga farkonta, ba don ina da bakin sasanci ba. Majalisa ce ta masu son mota. Mukan zauna bayan isha'i a gaban wani shago can wajen Ƙofar Ƙaura, mu goma sha huɗu in kowa ya zo: ma'aikata, 'yan kasuwa, bakanike ɗaya, mai wayarin ɗaya, sai wani tsohon direban gwamnati da muke ce wa Baba Direba, wanda in ya yi gyaran murya ko mai shayi sai ya dakata da juya cokali. Ba zan kama sunan kowa ba. Mutanen suna nan da ransu, kuma jini ɗaya ne.

Su biyu ne tushen maganar. Ɗaya ma'aikaci ne a sakatariyar jiha, ya ba hamsin baya. Bari in kira shi Mai Fijo. Ɗayan ɗan kasuwa ne mai harkar hatsi tsakanin Katsina, Jibiya da Maraɗi. Shi kuma Mai Toyota. Mahaifiyar Mai Toyota ƙanwar mahaifin Mai Fijo ce, ciki ɗaya. Taubasai ke nan, ɗan mace da ɗan namiji, kuma wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane sauran labarin ba. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba. "Bawana, ka kwana da yunwa?" ita ce ina-kwanan Mai Fijo, amsar kuwa ba ta rubutuwa. Duk shekara a watan cika-ciki Mai Toyota kan je ya karɓi kuɗin shara, a yi ta ja-in-ja a zaure kan naira ɗari kamar za a kai ga alƙali, alhali kowannensu na iya saya wa ɗan'uwansa rago bai ji a jikinsa ba. Mota da kayan sauti zuwa suka yi suka tarar da wannan wasa. In ɗayansu bai zo ba, majalisa lami take yi.

Son da Mai Fijo ke yi wa Peugeot ba daga sama ya faɗo ba. A 1975 aka fara haɗa ta a Kakuri, cikin Kaduna, gwamnatocin soja na lokacin kuma suka mai da 504 motar ofis. Motar kanta ba kanwar lasa ba ce: a 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka. Tayoyin baya ke tura ta, ga laushi a kan gargada, kuma duk ƙauyen da ta mutu maka sai ka samu yaron da ya san kafiretonta kamar yunwar cikinsa. Mahaifin Mai Fijo ma'aikacin tsohuwar jihar Kaduna ne. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, a cikin farar 504 ya kwaso iyalinsa ya dawo gida, Mai Fijo na kujerar baya da akwatin littattafai a cinya. Tsohon ya rasu, motar na nan a ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kwano. Ba ta zuwa ko'ina sai filin Idi, amma duk Juma'a da safe shi da kansa yake wanke ta. Ta hawan yau da kullum 406 ce.

Shi kuwa Mai Toyota a hanyar Kwatano ya yi wayo. Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga na-hannu da ake saukewa a Kwatano, a biyo da su ta Nijar zuwa Maraɗi, su shigo ta Jibiya ko ta Kongolam a ɓangaren Daura. Yana saurayi yana cikin masu tuƙo su. Ya tuƙo Golf, ya tuƙo Marsandi, amma Corolla ce ya ce ba ta taɓa kwanar da shi a daji ba, kuma da ribar Corolla biyu ya kafa jarin hatsinsa. Tun Janairun 2017 da aka hana shigo da mota ta iyakokin tudu sana'ar ta zama labari a wurinsa, sai dai son ya zauna. Hujjarsa ba ta canzawa: mota ita ce wadda ranar da ka matsu za ka kai ta wurin dillalai da hantsi, kafin la'asar ka dawo da kuɗi a aljihu. Da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai ya samu sabon makami, yana ta lissafa wa mutane lita da kilomita a kan tabarma.

Wannan duk gardama ce mai kan gado, tanki da aljihu na iya raba ta. Inda abin ya fita daga awo shi ne wajen sauti.

Mai Fijo ɗan Pioneer ne tun zamanin kaset; ita ya fara saya da albashinsa, kuma a wurinsa duk lasifikar da ba ita ba gwangwani ce. Mai Toyota kuwa tun da ya sayi wata Camry mai tambarin JBL a jikin ƙofa ya rantse babu sauti sai nan, wai ko a duhu aka kunna masa zai gane ta. A bakinsu abin ya rabu gida biyu kamar rabon gado: Fijo da Pioneer a nan, Toyota da JBL a can. Kamfanonin kuwa ba su san da wannan katanga ba. Lexus LS 400 da Toyota ta fitar a 1989 da kayan Pioneer ta zo. Peugeot ta sha sa JBL a manyan motocinta irin 407 da 607. Kai, har masana'anta guda Toyota da Peugeot suka haɗa a garin Kolin na ƙasar Cek, inda daga 2005 Aygo ta Toyota da 107 ta Peugeot suka riƙa fitowa ta ƙofa ɗaya, bambancinsu bai wuce fuska da tambari ba. Na taɓa kawo wannan a majalisa. Mai Fijo ya ce ai ba irin waɗannan ƙananan yake nufi ba. Mai Toyota ya ce taimakon Faransawa aka yi. Aka wuce wurin.

Wanda tsautsayin ya faɗa wa shi ne autan majalisa, malamin makaranta, yaro mai ladabi da kowa yaya ne a wurinsa. Kwasar adashinsa ta zo daidai da shirin aurensa, ya haɗa da ɗan bashi zai sayi mota. Wata guda cur suna yi masa zarya, wannan ya fita wancan ya shigo. Da ya rasa wanda zai ɓata wa, sai ya sayi Pontiac Vibe, a zatonsa ya tsallake su duka. Ina! Vibe a Kalifoniya aka haɗa ta, a masana'antar da General Motors da Toyota suka yi tarayya. Injinta na Corolla ne, 'yar'uwar Toyota Matrix ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mai Toyota ya buɗe bonet ya nuna wa kowa, ya ce Toyota ce ta ari riga. Mai Fijo ya haɗiye, yana jiran maganar sauti. Nan ma aka riga shi. Mai Toyota ya ce wa Auta ya bar komai a hannunsa, ya buga waya Kano wurin wani mai shago da suka daɗe suna hulɗa. Bayan kwana biyu kwali ya iso a motar haya: amfilifaya, ƙatuwar wufa ta but, da naɗin jar waya mai kaurin yatsa. Ga tambarin da yake so ɓaro-ɓaro, ga rubutu wai wat 3000. Mai wayarin ɗinmu ya yi tafiya a makon, Auta kuma na ɗoki, sai aka kai wa wani yaro a wani gareji ya ɗaura cikin yini ɗaya.

Sati biyu unguwa ta san Auta ya yi mota. Wata Asabar muka ɗunguma Daura ɗaurin aure, mota biyar a jere. Mun wuce Mashi kaɗan sai muka ga Vibe ta gangara gefe, ƙofofi huɗu suka buɗe lokaci guda, baƙin hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Allah ya sa bakanike na motar baya. Ya sheƙo da sifana ya cire kan batir, muka bi da rairayi. Ba wanda ya ji ciwo sai Auta da ya ƙona tafin hannu, amma kafet ya tafi, wani sashe na wayoyin motar ya narke ya manne da juna. A bakin titin nan Mai Fijo ya dubi taubashinsa ya ce, "Bawana, ashe kiɗan naka har girki yake yi?" Kowa ya yi dariya, har shi Mai Toyota, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba.

Washegari da dare majalisa ta cika har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Mai Fijo ya zo da shirinsa. Ya bi ta kan wat 3000, ya bi ta kan masu gane sauti a duhu, ana ta ƙyaƙyatawa. Can sai ya sauke murya.

"Tsakaninka da Allah, taubashi, nawa suka ba ka la'ada a kan yaron nan?"

Wannan ba ta cikin wasa. Kana iya ce wa taubashinka bawa, matsiyaci, mai ƙaton ciki. Ba ka ce ya ci amanar ƙanensa a bainar jama'a, balle ɗan kasuwa da amana ce jarinsa. Na ga jijiyar wuyan Mai Toyota ta miƙe.

"Ni dai ba a bar mani akwala gado ba, ina wanke ta duk Juma'a kamar gawar da aka rasa mai binnewa."

Mai shayi ya ajiye buta. Wanda ya bar motar nan gado kawun Mai Toyota ne, wan mahaifiyarsa, wanda ya karɓar masa auren fari. Magana zarar bunu. Mai Fijo ya sa takalmi, ya ce mana sai da safe.

Baƙo ba zai ga komai a abin da ya biyo baya ba. Ba zagi, ba kai ƙara. Bayan kwana uku suka haɗu a wata jana'iza, na ji da kunnena: "Alhaji, ina kwana." "Lafiya lau, Alhaji, ya iyali?" Hannu biyu, har da rusunawa. Gabana ya faɗi, don taubasai in suka fara girmama juna an kai maƙura. Ƙarshen wata Mai Fijo ya aiko ɗansa cewa in cire shi daga adashi. Hannu biyu yake zubi, saboda haka kwasar masu jira ta yi giɓi, ɗayansu kuwa kuɗin makarantar 'ya'ya yake sa rai. Majalisa ta dare: masu 406 suka koma ƙofar gidan Mai Fijo, 'yan Corolla da Camry suka zauna inda muke. Mai Honda EOD, wadda ma'anar laƙabinta an gama gardama, shi ya fi kowa safarar magana tsakanin zaman biyu.

Da mai wayarin ya dawo, Baba Direba ya sa aka kai masa Vibe, ya ce kada a taɓa komai sai ina wurin. Jar wayar nan ya fara yankawa da reza. Kusan duk kaurin roba ne, abin da ke ciki bai fi tsinken tsire ba, da ya kankare shi kuma sai fari ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Irin wannan ya fi saurin zafi, ya fi saurin karyewa. Sannan ya bi wayar daga batir, taƙi bayan taƙi, yana tambaya, "Ina fiyus?" Babu. Ƙa'idar aikin ita ce a sa fiyus dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi biyu ba, don in waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, shi ya tsinke kafin ita ta yi ja. Na jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa, ba ruwansa da doguwar wayar da ta ratsa mota. Yaron da ya yi aikin ya zura ta ta wani rami a bangon da ya raba inji da cikin mota, ba tare da robar bakin ramin ba. Sati biyu na girgiza, ƙarfe ya ci roba, batir ya juye ƙarfinsa cikin wayar da ba mai tare ta. Ko kayan wane kamfani ne a but, wutar nan sai ta tashi.

Sai ya juya kan kayan. Ya ɗaga wufar da hannu ɗaya ya yi murmushi. Maganaɗisun bayanta ya yi sakayau, da ya ɓamɓare murfin kuwa rabinsa roba ce aka yi wa fenti. Tambarin manna shi aka yi, har ya fara ɗagowa a gefe. Jabu ce, kama da wane ba ta wane. Wat 3000 kuma lissafin 'yan firamare ya yi mana a ƙasa da tsinke. Mota in tana aiki wutarta bolt 14 ce da 'yan kai. Fiyus ɗin amfilifayar na amfiya 30 ne. 14 sau 30, 420. Iyakar abin da za ta iya ja ke nan, wani kaso ma zafi yake zama. To daga ina dubu uku za ta fito? Ya ce mu riƙa neman inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da na'ura ke bayarwa a ɗore. PMPO da ake bugawa da manyan baƙaƙe kowa abin da ya ga dama yake rubutawa.

Maganar la'ada ni na bi ta. Auta ya nuna mani shaidar tura kuɗi: kai tsaye ga mai shagon ya tura, kuɗin motar haya ma Mai Toyota ne ya biya daga aljihunsa. Bai ci ko kwabo ba. Shi ma cutarsa aka yi, ta hannun wanda ya yarda da shi. Na same shi a shago na ce, "Yaya, mi zai hana ka fito ka ce an yaudare ka? Ai shi ke nan." Ya daɗe yana kallon buhunan gero. Ya ce, "Malam, shekara nawa ina cewa ko a duhu zan gane ta? Da rana tsaka na buɗe kwalin nan." Zargin la'ada ƙarya ne, yana da damar yin fushi a kansa. Wannan kuwa gaskiya ce, ba inda zai kai ta.

Gwajin kunne da aka yi daga baya, don a ga ko su biyun za su gane lasifikarsu ba tare da sun gan ta ba, shawarar mai wayarin ce, Baba Direba ya sa hannu don ya samu dalilin tara su a inuwa ɗaya. Ba mai ƙin kiran Baba; ya yi aiki da mahaifin Mai Fijo, ya san Mai Toyota tun yana yawo ba wando. Aka aro lasifika biyu-biyu na asali, Pioneer da JBL, masu girma ɗaya, aka sa su a akwatunan katako iri ɗaya, aka jingina da bangon gareji, aka rataya labule a gabansu. Rediyo ɗaya, amfilifaya ɗaya. Mai wayarin kaɗai ya san wace ce a dama, sai ni da ya raɗa wa don a samu shaida.

Kafin a fara ya yi mana wata dabara da ta fi gwajin kansa amfani a wurina. Ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa, ya tambayi 'yan kallo wanne ya fi. Kusan kowa ya ce na biyu: ya fi cika, ya fi zaƙi. Sai ya ce bai canza lasifika ba, murɗa ƙara kawai ya yi kaɗan. Kunne haka yake, abin da ya ɗan fi ƙara shi yake ɗauka ya fi kyau, kuma masu shago sun san wannan sarai. Ya ce ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙara. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfi wajen sau goma. Don haka da na'urar auna ƙara ya daidaita ɓangarorin biyu, ya kuma ƙi waƙoƙin da muke tura wa juna a waya, waɗanda aka matse aka sake matsewa har suka rasa rabin ransu. Faifan CD ya kawo.

Aka saurari karatun wani malami, don murya tsirara ba ta ɓoye aibin lasifika, sannan wani tsohon kiɗan kalangu da amshi, sannan na zamani mai dukan ƙirji. Su biyun na benci ɗaya, tsakaninsu wurin mutum biyu, ba mai kallon wani. Na ba kowannensu takarda ya rubuta ɓangaren da ya fi masa daɗi da kamfanin da yake jin shi ne. Bambanci kam akwai, ni ma na ji shi: ɗaya ta fi fito da kaifin kalangu da numfashin mai karatu, ɗaya ta fi taushi da nauyi a ƙasa. Da na buɗe takardun sai da na sake dubawa. Mai Fijo ya rubuta: dama, Pioneer. Mai Toyota ya rubuta: dama, JBL.

Na karanta a fili, gareji ya kaure. Kunnensu ɗaya ashe, kuma dole ɗayansu ya zaɓi kayan abokin gardamarsa ya liƙa musu sunan nasa. Matasa suka yi kan labule. Baba Direba ya miƙa sanda ya tare.

"Kada wanda ya taɓa shi."

Na ce, "Baba, ai don wannan aka taru."

"Kai don wannan ka zo. Ni na tara su ne su zauna benci ɗaya, ga su nan zaune. In aka ɗaga ƙyallen nan ɗaya zai fita da kunya, ba kuwa zai dawo ba har in mutu. Kai da ka sani, haɗiye." Ya juya ga Mai Toyota. "Gobe ka tahi ka ba ɗan kawunka haƙuri kan maganar mamaci, Allah shi jiƙan sa." Sannan ga Mai Fijo. "Kai kuma ka janye la'ada a gaban waɗanda ka faɗe ta." Sai da kowa ya watse aka kwance kayan.

Na yi kwanaki ina jin haushin wannan hukunci, kuma har yanzu ban sauka daga kan bakana gaba ɗaya ba. Gani ya kori ji. Mun sha wahala mun kawo gani har bakin ƙofa, aka mai da shi. Amma da na natsu sai na ga abin da zai amfani matasan nan sun riga sun gan shi: fiyus, farar waya, lissafin 420, da murɗa ƙara. Sunan da ke bayan labule sabon abin gori kawai zai zama. Ko wanda ya dace ɗin, ba yadda za a yi mu san ji ya yi ko sa'a, tunda suna biyu ne kacal kuma kowa nasa zai rubuta ko mene ne aka kunna. Mutumin da ke wanke motar mahaifinsa duk Juma'a, in ka ce masa Fijo ta tsufa, abin da ke shiga kunnensa daban ne da abin da ya fita bakinka. Haka wanda Corolla ta ɗauko daga yaron hanya ta mai da shi mai shago. A kan mutanen biyu Baba ya fi ni hange. Sai dai ya bar baya da ƙura, don har gobe a kowane ɓangare akwai masu cewa an rufe ne saboda nasu ya ci.

Wanda aka manta da shi a duk wannan shi ne Auta. Motarsa ta yi wata biyu a gareji, a kan babur ɗin aro ya riƙa zuwa makaranta. Mai Toyota ya biya kuɗin wayoyin da suka ƙone, ta hannuna, ba tare da majalisa ta sani ba. Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, ya maido rabin kuɗi bayan an sa baki. Yaron garejin ba wanda ya bi ta kansa; na ji yana nan yana ɗaura wa mutane kaya, wannan kuwa ya fi ci mani rai fiye da gardamar gaba ɗaya. Auta bai sake sa wufa ba.

An ba da haƙurin, an janye la'adar, duka a gaban Baba, duka da "Alhaji" a baki. Watanni suka shuɗe a haka, gaisuwa hannu biyu. Ran goma ga watan cika-ciki na je gidan Mai Fijo da littafi, karo na uku ina lallashinsa ya dawo zubi. Muna zaure sai muka jiyo kiɗa tun daga bakin layi. Camry ta zo ta tsaya dab da bayan 504, har na ji tsoron za ta taɓa ta. Mai Toyota bai fito ba. Ya sauke gilashi ya ce wa yaron gidan, "Shiga ka ce ma tsohon nan an zo karɓar kuɗin shara, kuma bana ba a karɓar yagaggiya."

Mai Fijo ya ɗan jima a zaune. Sannan ya laluba aljihu, ya zaɓo naira ɗarin da ta fi kowace tsufa, ya fita ba takalmi. Ina jiyo shi daga zaure: "Bawana, rage mana ƙarar gwangwanin nan, akwai mai jego a gidan."

Adashin dai Mai Fijo bai dawo cikinsa ba, ya ce sai an sake zagaye. Takardun nan biyu suna cikin littafi, a shafin da sunansa yake, kuma cikin su biyun babu wanda ya taɓa tambayata wace ce a dama.